Yadda Ake Sanya wa Tsohuwar Kwamfutar Tebur Katin Wi-Fi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 

Hirarmu ta yau ta masu kwamfutar tebur ce, wato irin wadda akwatinta daban, allonta daban. Ga su nan birjik a shagunan buga takardu, da wuraren da ɗalibai ke cike fom ɗin jarrabawa, da ofisoshin makarantu, da gidajen jama'a. Akasarinsu na hannu ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a Legas ko Kwatano, suka hauro mana. Duk mai wannan harka ya san irin su Dell OptiPlex 780 da 7010, da HP Compaq 8200 da 8300, ƙirar tsakanin 2009 da 2012. Injina ne masu juriya, har gobe suna buga takarda suna lissafi. Inda suke ba mutane haushi guda ɗaya ne: ba sa kama Wi-Fi.

Dalilin kuwa a fili yake. An ƙera su ne domin ofisoshin da aka riga aka ja wa kebul ɗin intanet a jikin bango, kowane tebur da nasa soket. Mu kuma a nan, intanet ɗin yawancinmu daga hosfot ɗin wayar hannu yake fitowa, ko ɗan MiFi na aljihu, ko rauta mai layin waya a ciki. Sai ka ga mutum wayarsa cike da data, ga kwamfuta a gabansa, amma sai ya tura takarda cikin filas ya kai wani wuri kafin ya aika ta.

Maganin wannan shi ne wani ɗan kati da ake sokawa a cikin akwatin, eriyarsa ta leƙo ta baya. Aiki ne da mai natsuwa zai iya yi da hannunsa. Sai dai akwai magana ɗaya da nake so ku riƙe tun daga yanzu: kada a tafi kasuwa sai an buɗe akwatin an duba. Asarar da ake yi a wannan aiki, tun a wurin saye ake yin ta. Mutum ya ji an ce wane kati ne mai kyau, ya biya kuɗi, ya dawo gida, kati ya ƙi shiga, ko ya shiga kwamfuta ta ƙi gane shi. Gani ya kori ji.

Kafin mu shiga ciki, bari in cire wa wasu wahala. Idan rautarka tana ɗaki ɗaya da kwamfutar, kuma tana da ramin kebul a bayanta, to sayi kebul ɗin intanet ka haɗa su, ka huta. Irin wannan kebul yana kai saƙo har nisan mita 100, bango ba ya tare shi, kuma ya fi kowane Wi-Fi tsayawa daram. Akwai kuma ɗan ƙaramin Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB. Yana da araha, ba sai an kwance komai ba. Matsalarsa ita ce eriyar da ke cikinsa 'yar mitsitsiya ce, ba ta jawo sigina daga nesa, wasu suna ɗaukar zafi idan aiki ya yi tsawo, sannan a shago mai shige da fice, gwiwar wani na iya karya shi, ko hannun wani ya zare shi. Katin ciki kuwa eriyarsa babba ce, yana ɗaure da noti, kuma ya bar maka ramukan USB domin firinta da sikana. Wanda rautarsa ke wani ɗaki, ko yake aiki da kwamfutar daga safe zuwa dare, katin ciki ne ya dace da shi.

To, me za a duba? Abubuwa uku ne.

Na farko shi ne gurbin da katin zai zauna. Kashe kwamfutar, zare kebul ɗin wuta daga bango, ka buɗe murfin gefe. Za ka ga babban allo shimfiɗe a ciki, wanda masu gyara ke kira madabod. A ɓangarensa na kusa da bayan akwati akwai wasu gurabe a jere, dogaye da gajeru. Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai tsohon yayi mai suna PCI, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1992. Galibi fari ne ko ruwan madara, tsawonsa ya ɗan haura santimita 8. Akwai kuma wanda ya gaje shi, PCI Express, da ya fara bayyana a kwamfutoci a 2004. Shi wannan yana zuwa da tsayi daban-daban. Gajeren, da ake kira x1, bai wuce santimita biyu da rabi ba. Dogon, x16, ya kusa santimita 9, kuma yawanci yana da ɗan maƙalli na roba a ƙarshensa.

A nan ne ido ke yaudarar mutane, domin PCI da dogon PCI Express sun yi kusan tsayi ɗaya, launi kuma ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da irin wanda yake shafawa. Ga alamar da ba ta ƙarya: kowane gurbi yana da ɗan shinge a cikinsa da ya raba shi gida biyu. A PCI Express, shingen yana kusa da bayan akwati. A PCI na kwamfutocin tebur da muka saba gani, shingen yana can ɗaya ƙarshen, ta wajen tsakiyar allo. Sau da yawa ma an rubuta sunan gurbin da ƙananan baƙaƙe a gefensa, haska tocila ka karanta. Katin PCI ba ya shiga PCI Express, na PCI Express ba ya shiga PCI, duk ƙarfin da za ka sa. Amma ga sauƙi guda: gajeren katin PCI Express yana zama a dogon gurbin PCI Express, ya yi aiki, ragowar gurbin ya zauna fanko. Duk da haka, in akwai gajere a allonka, shi za ka fara zaɓa, domin a wasu tsofaffin alluna an tanadi dogon ne saboda katin hoto. Idan allonka yana da iri biyun, ɗauki PCI Express. Katunansa sun fi yawa a kasuwa, sun kuma fi sabunta.

Abu na biyu shi ne kaurin akwatin. Kowane kati yana da wani siririn ƙarfe a bayansa, wanda ake ɗaure shi da shi a jikin akwati. Manyan akwatuna masu tsayuwa suna ɗaukar dogon ƙarfe, mai santimita 12. Siraran akwatuna, irin waɗanda ake kwantarwa a ɗora allo a kai, gajeren ƙarfe suke ɗauka, mai kimanin santimita 8. Da yawa daga cikin kwamfutocin ofis da ake kawo mana siraran ne. Idan ka sayo kati mai dogon ƙarfe kaɗai, zai zauna a gurbinsa, amma murfi ba zai rufu ba. Katunan kirki suna zuwa da ƙarfe biyu a kwali, sai ka kwance ƙananan notuna biyu ka musanya. Su kuwa 'yan ƙananan kwamfutocin nan da ake ɗauka da hannu ɗaya, ba su da waɗannan gurabe sam, katinsu irin na laftof ne, wannan kuma aikin mai gyara ne.

Abu na uku ba a cikin akwati yake ba, a kan allo yake: wace Windows ce a kwamfutar? Danna maɓallin dama na linzami a kan alamar Computer ko This PC, ka zaɓi Properties. Za ta nuna maka ko Windows 7 ce, ko 10, da kuma ko mai 32 ce ko mai 64. Rubuta wannan a takarda. Muhimmancinsa shi ne, kowane kati yana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke sa Windows ta san yadda za ta yi aiki da shi, kuma sababbin katuna ba a yi musu direban tsofaffin Windows ba. Misali, katunan Wi-Fi 6 da aka gina a kan Intel AX200, wanda ya fito a 2019, sai Windows 10 mai 64 zuwa sama. Ka sa shi a kwamfuta mai Windows 7, ka yi asarar kuɗinka, alhali katin lafiyarsa ƙalau.

Da ka gama duba ukun nan, ɗauki hoton guraben da wayarka, ɗauki hoton bayan akwatin, ka haɗa da 'yar takardar da ka rubuta. Yanzu ka isa shiga kasuwa. Za mu ɗan sha iska, in mun dawo sai mu ga yadda ake zaɓe.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna bayani ne a kan sanya wa tsohuwar kwamfutar tebur katin Wi-Fi, mun kuma iso wurin saye.

Ko a Farm Centre ko titin Beirut ne a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, ko shagon mai gyara na garinku, abin da zai fara ɗaukar idonka a jikin kwali shi ne lambobi: 150, 300, 1200, 3000. Mai shago zai ce maka mai babbar lamba ya fi gudu. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba.

Wi-Fi yana da zuriya. Na 1999, mai suna 802.11b, iyakarsa megabit 11 a daƙiƙa. Na 2003, mai harafin g, ya kai 54. A 2009 aka tabbatar da mai harafin n, wanda yanzu ake kira Wi-Fi 4, shi ne kake ganin 150 ko 300 a kwalinsa. Bayansa sai mai ac, wato Wi-Fi 5, a 2013, sannan Wi-Fi 6. Lambar da ke jikin kwali ita ce ƙololuwar abin da kati zai iya tsakaninsa da rauta, a yanayi mafi kyau, kuma abin da ake samu a zahiri bai cika wuce rabinta ba. Sannan gudun intanet ɗinka yana hannun kamfanin layinka ne da ƙarfin sabis a unguwarku. Faɗin tiyo ba ya ƙara ruwan da famfo bai kawo ba. Idan layinka megabit 10 ko 20 yake ba ka, kati mai 300 ya ɗauke shi har da rara, mai 3000 kuma ba zai ƙara maka ko ɗaya ba.

Saboda haka, ga tsohuwar kwamfuta, Wi-Fi 4 ko Wi-Fi 5 shi ne daidai. Ba talla nake yi ba, misali ne kawai domin ku gane siffar abin: kamfanin TP-Link yana da TL-WN881ND na gurbin PCI Express, da TL-WN851ND na tsohon gurbin PCI, dukansu masu 300 ne, masu eriya biyu. Kun ga lamba ɗaya ce ta raba sunayensu, amma gurbinsu daban. Shi ya sa na ce a tafi da hoto.

Sai batun zango. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 da 5, kamar dai yadda kuke da mita daban-daban a akwatin rediyonku. Zangon 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, domin kowace waya da kowace rauta a unguwa a kansa suke. Zangon 5 ya fi gudu, ya fi sarari, amma bango biyu na bulo sun isa su raunana shi. Katuna masu araha 2.4 kaɗai suke kamawa. In kana cikin kasuwa ko plaza inda kowane shago ke da nasa Wi-Fi, ƙara kuɗi ka sayi mai kama zango biyun. In a gida kake, rauta tana falo kwamfuta tana ɗaki, mai 2.4 ya wadatar.

Abin da za ka guje wa shi ne tsoffin katunan b da na farkon g da ake cirowa daga matattun kwamfutoci. Wasunsu tsarin kulle na WEP kaɗai suka sani, wanda masana suka nuna rauninsa tun 2001. Wayoyi da rautocin yanzu da WPA2 suke kullewa, wanda ya fito a 2004, wasu ma da WPA3 na 2018. Katin da bai san WPA2 ba zai ga sunan Wi-Fi ɗinka, amma ba zai iya shiga ba. Duba kwali ka tabbata an rubuta WPA2.

Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe kwalin a gaban mai shago. Eriya tana ciki? Gajeren ƙarfe yana ciki? An rubuta irin Windows ɗinka a jiki? Haƙoran katin, wato layin ruwan zinare da ke ƙasansa, ba su karce ko sun yi tsatsa ba? Sannan ku yi magana ta fahimta, in ka je bai yi ba za ka dawo da shi a canza maka. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya ƙin wannan.

Yanzu sai aikin kansa. Kayan aikinka sukundireba mai kan kuros, da tocila, da ɗan murfi ko faranti na ajiye notuna. Nemi tebur mai haske, kada ka yi a kan katifa ko kafet.

Kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, ka zare kebul ɗin wuta gaba ɗaya. Kashe soket kaɗai bai isa ba, a zare. Sannan danna maɓallin kunnawa ka riƙe shi na 'yan daƙiƙoƙi, domin ragowar wutar da ke allon ta fita. Cire kebul ɗin allo da na linzami da sauransu, ka kwantar da akwatin, ka buɗe murfi. Wasu akwatunan notuna biyu ne a baya, wasu kuma, musamman na Dell da HP, ɗan hannu ne kawai ake ja.

Kafin ka taɓa komai a ciki, dafa ƙarfen akwatin da tafin hannunka. Ga dalili. Kun san yadda a lokacin hunturu mutum kan kama ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi ya ji wani ɗan tsartsatsi ya ja shi? Lantarki ne da ke taruwa a jiki idan iska ta bushe. Mutum ba ya jin komai sai ɗan zafi, amma ƙananan sassan da ke jikin kati suna iya ƙonewa da wanda bai kai wannan ba, ba tare da ka ga alama ba. A ƙasarmu ta bushewar iska, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan gargaɗi ya fi ƙarfi. Dafa ƙarfe kafin ka fara, ka riƙa sake dafawa, kuma ka riƙe katin ta gefe-gefensa ko ta ƙarfen bayansa. Kada yatsa ya hau haƙoran zinaren.

Tunda an buɗe, a share ƙura. Yi amfani da busasshen buroshi mai laushi ko abin hura iska, ka fitar da wadda ta taru a cikin gurbin, domin ƙura tana hana haƙoran kati haɗuwa da na allo. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Akwai kuma wani akwatin ƙarfe a kusurwa, inda kebul ɗin wuta ke shiga, mai fanka a jikinsa. Wannan kada ka kuskura ka kwance shi. Yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango. A bayan wasu tsofaffin irinsa akwai ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutarmu a Najeriya da Nijar tsakanin 220 da 230 take, don haka 230 ya kamata ka gani. In hannu ya goge shi ya koma 115, irin ta Amurka, aka jona wuta, take zai ƙone.

Duba gurbin da ka zaɓa, ka ga wane marfin ƙarfe ne ke daidai da shi a bayan akwati, ka cire shi. Wani noti ɗaya ne ke riƙe da shi, wani maƙalli ne ake ɗagawa, wani kuma sai an lanƙwasa shi gaba da baya ya ɓalle. Yi hankali da bakinsa, yana yanka. In eriya tana ɗaure a jikin katin, kwance ta tukuna. Saita haƙoran katin a kan gurbin, tsagar da ke jikinsa ta yi daidai da shingen nan da muka ambata, sannan ka danna shi ƙasa a miƙe da manyan yatsunka biyu, da ƙarfi matsakaici. Za ka ji ya zauna. Haska tocila: in kana hango rabin zinaren a waje, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, bai zauna ba, cire ka sake. In ya ƙi shiga, kada ka yi masa dole, tsaya ka sake duba ko gurbinsa ne. Da ya zauna, ɗaure ƙarfensa da noti ko ka mayar da maƙallin.

Wasu katunan suna haɗe da Bluetooth, za ka gan su da wani siririn kebul a kwali. Shi Wi-Fi ta gurbin yake bi, amma Bluetooth ta USB yake bi, don haka ake jona kebul ɗin a wasu 'yan allurai tara da ke jikin madabod, inda aka rubuta USB. In allonka ba shi da irin wannan wuri a buɗe, bar kebul ɗin a kwali, Wi-Fi zai yi aikinsa. Kada dai ka soka shi a inda ba a rubuta USB ba don kawai ya yi kama.

Mayar da murfi, ka ɗaura eriya ta baya da hannu, ban da filaya. Jona sauran kebul, na wuta ya zama na ƙarshe, ka kunna.

(Gajeren kiɗa)

To masu sauraro, kati ya shiga, saura direba. A Windows 10, sau da yawa da ka kunna za ka ga alamar Wi-Fi ta fito a ƙasan allo ta hannun dama. Haka ma Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, suna gane katuna da yawa da kansu, musamman masu ƙirar Intel da Atheros. A Windows 7 kuwa, galibi sai ka sa direba da hannunka. Nan mutum kan tsaya cak: direba yana intanet, intanet kuma sai da direba. In faifai ya zo a kwali kuma na'urar faifanka tana aiki, shi ke nan. In babu, hanya biyu ce. Ko dai ka sauke direban da wayarka daga shafin kamfanin da ya yi katin, ka tura shi kwamfuta ta kebul, ko kuma ka jona wayar Android da kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna USB tethering a saitin hosfot, kwamfutar ta ari intanet ɗin wayar har ta sauke abin da take buƙata.

In katin na hannu ne, babu kwali babu suna, ga dabarar masu gyara, ku ɗauki biro. Buɗe Device Manager, za ka ga wani abu mai alamar ruwan ɗorawa, galibi an rubuta Network Controller. Shiga Properties, sannan Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga haruffa VEN da lambobi huɗu a gabansu. In 8086 ne, Intel ne. In 10EC ne, Realtek ne. 168C na Atheros ne, 1814 na Ralink, 14E4 na Broadcom. Lambobi huɗun da ke bin haruffa DEV su ne ke nuna ainihin samfurin. Da waɗannan biyun za ka nemo direban da ya dace. A kiyayi shafukan da ke cewa a sauke wata manhaja za ta gyara dukkan direbobi a danna ɗaya, ta irin wannan ƙofa ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa.

Bari mu taɓa matsaloli huɗu da aka fi kawo kuka a kansu. Na ɗaya, kwamfuta ba ta ga katin ba ko kaɗan, ko a Device Manager. Kashe, zare wuta, cire katin, share gurbin, ka sake zaunar da shi, ko ka gwada wani gurbin. Na biyu, tana ganin Wi-Fi ɗin maƙwabta amma ba ta ganin naka. Duba saitin hosfot ɗin wayarka, mai yiwuwa yana kan zangon 5 alhali katinka 2.4 yake kamawa. In kuma tana ganinsa amma ta ƙi shiga, duba ko an kulle da WPA3, ka mayar da shi WPA2. Na uku, ta shiga amma sigina sanda ɗaya ce. Dubi inda eriyar take: a bayan akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin tebur, manne da bango. Ƙarfe yana tare sigina, haka ƙofar ƙarfe da kabad da firji. Janyo akwatin daga bango, ko ka ɗora shi a tebur, ka miƙar da eriyoyin sama, ka kuma ɗaga rautar zuwa wuri mai tsayi. Akwai eriya mai dogon kebul da gindin ajiyewa, wadda ake ɗorawa a saman tebur, tana kawo canji sosai.

Na huɗu shi ne wanda ya fi rikita mutane. Wi-Fi ya haɗu, sigina a cike, amma kowane shafi ka buɗe sai ya ce haɗin ba shi da tsaro. Dubi kwanan watan da ke ƙasan allo. In ka ga ya koma shekarun baya, ɗan batirin da ke jikin madabod ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Manhajar shiga intanet tana gwada takardar shaidar shafukan da agogon kwamfutarka, in agogo ya ɓata sai su ƙi buɗewa. Canza batirin, gyara kwanan wata, magana ta ƙare.

Saura gargaɗi biyu, kuma kada a raina su. Na farko na aljihu ne. Kwamfutar da ta daɗe ba ta hau intanet ba, da ta samu hanya za ta fara sauke sabuntawa iri-iri, ta shanye datar wata guda kafin ka ankara. A Windows 10, shiga bayanan Wi-Fi ɗin da ka haɗa, ka kunna Metered connection, domin ta san data a ƙirge take. Sai ka zaɓi lokacin da kake da wadatacciyar data ka bar ta ta yi sabuntawar, domin sabuntawar ita ma kariya ce.

Na biyu na tsaro ne. Kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows XP gyaran tsaro a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, wa'adin Windows 10 na yau da kullum kuma ya cika a Oktoban 2025. Manhajar Chrome ma ta daina sabunta wa Windows 7 a farkon 2023. Kwamfutar da a da take zaune ita kaɗai, yanzu ka buɗe mata ƙofa zuwa duniya. A Mayun 2017, ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila, kuma waɗanda ba a sabunta ba ne ta samu. Saboda haka, mai shagon da ke ajiye hotunan fasfo da takardun shaidar mutane, ko mai shiga asusun banki, kada ya yi wannan a kan XP ko Windows 7. A ɗaga ta zuwa sabuwar Windows in ƙarfinta ya kai, ko a sa mata Linux, wanda kyauta ne kuma yana tafiya da tsofaffin injina. In za ka yi wannan canji, yi shi kafin sayen kati, domin shi zai faɗa maka irin katin da za ka nema.

Wanda kuma ya buɗe akwati ya ga abin ya fi ƙarfin idonsa, babu kunya a ɗauka a kai wa mai gyara. Aikin ba ya cin lokaci, kuma yanzu ka san abin da za ka tambaye shi: wane gurbi ne a allona, dogon ƙarfe ko gajere, kuma katin yana da direban Windows ɗina? Ka tsaya a gwada a gabanka, ka haɗa da hosfot ɗin wayarka, ka buɗe shafi ɗaya ko biyu kafin ka biya.

Masu sauraro, agogo ya ce mu dakata a nan.   

(Kiɗan rufe shiri)